Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnatin Jihar Bauchi Kan Auna Darajar Yankari a Idon Masu Ziyara

Zuwa ga Mai Girma Kwamishina mai kula da yawon buɗe ido na Jihar Bauchi, da shugabannin Gandun Dajin Yankari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya riƙo.

Mu malamai ne kuma masu bincike a fannin tattalin arzikin muhalli. Roƙonmu ɗaya ne. Duk ranar da za a zauna batun kuɗin shiga Yankari, ko batun inda za a zuba kuɗin gyara, a sa a gaba da binciken da ya rarrabe masu ziyara gwargwadon abin da ya kawo kowannensu. Ƙiyasin da ya dunƙule su duka ya fitar da lamba ɗaya, wai ita ce darajar ziyara a wurin matsakaicin baƙo, zai iya kai ku ga gyara abin da ba shi ne ya kawo mutane ba.

Yankari ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ya dawo hannun jiha a 2006. Tun daga lokacin, hukuncin nawa za a karɓa a ƙofar Mainamaji da abin da za a yi da kuɗin yana wuyanku. Masu shiga ta wannan ƙofa kuwa ba abu ɗaya suke nema ba. Akwai wanda ya zo don giwa da ɓauna da gwanki, zai tashi da asuba ya hau motar zagaye, kuma in bai ga giwa ba sai ya ce tafiyarsa ta lalace. Akwai wanda ruwan ɗumin Wikki ne ya kawo shi, mai ɗumin digiri 31 rani da damina, wanda zai iya kwana biyu bai tambayi inda kogin Gaji yake ba. Akwai ɗaliban makaranta a bas, da ma'aikatan da aka kawo taron bita, da masu kallon tsuntsaye da madubin hangen nesa, da 'yan ƙalilan masu son ganin kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey da tsofaffin wuraren narka tama.

Hanyar da aka saba bi wajen auna darajar wuri irin wannan ita ce hanyar kuɗin tafiya. Asalinta wasiƙar da masanin tattalin arziki Harold Hotelling ya aika wa hukumar gandun daji ta Amurka a 1947. Hujjarta mai sauƙi ce: tikiti ɗan ƙaramin kaso ne na abin da baƙo ya kashe, don haka kuɗin mai da masauki da lokacin da ya ɓata su ne ainihin farashin ziyarar. Na nesa ya biya da tsada, na kusa ya biya da araha, kuma daga yadda yawan zuwa ke raguwa in nisa ya ƙaru ake gano iyakar abin da mutane za su iya biya. Tazarar da ke tsakanin wannan iyaka da abin da suka kashe a zahiri ita ce rarar mai ziyara, ita ake tarawa a ce ga darajar wurin a shekara.

Lissafin kuɗin tafiyar kansa shi ne wuri na farko da aiki ke ɓaci. A ce iyali mai mutum shida sun taso daga Kano, kusan kilomita 400 zuwa, 400 komawa, a motar da ke shan lita 10 a kowace kilomita 100. Lita 80 ke nan, a ninka da farashin lita na watan da aka yi tafiyar, a raba shida. Mun ce na watan da aka yi tafiyar da gangan, domin tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 farashin bai zauna wuri ɗaya ba, kuma duk ƙiyasin da aka yi kafin wannan rana ba ya aiki yau sai an sake shi. Wanda ya zo a motar haya a rubuta abin da ya biya a tasha har da shatar da ya ɗauka daga Bauchi ko Dindima. Ɗan taron bita da ofishinsa ya biya masa komai a ware takardarsa gefe, domin bai zaɓi wurin ba kuma bai ji zafin kuɗin ba. In aka bar irinsa a cikin lissafi, sai ya nuna kamar mutane ba su damu da tsada ba, darajar ta kumbura. Haka wanda ya zo Bauchi biki ya ratse Yankari da yamma: kuɗin da za a ɗora wa gandun shi ne na Bauchi zuwa Wikki da komawa kawai.

Sai kuɗin lokaci. Al'adar masu wannan bincike ita ce a ɗauki kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu a awa, a ninka da awannin tafiya. An gina wannan al'ada ne kan masu albashi. A nan sai an yi hattara. Ɗan kasuwar da ya rufe shago ranar Asabar ya yi asarar ciniki na gaske, ma'aikacin gwamnati a ranar bai rasa ko sisi ba. Lokacin manomi a watan Agusta daban yake da lokacinsa a watan Fabrairu. Matar da ke sana'a a cikin gida ba ta da takardar albashi, amma tana da cinikin da ya tsaya. Shawararmu a tambayi kowa kai tsaye abin da zai yi da ranar da bai zo ba, da ko ya yi asarar kuɗi, sannan a gudanar da lissafin sau uku, da kashi ɗaya cikin huɗu, da ɗaya cikin uku, da rabi, a nuna muku yadda sakamakon ke motsawa.

Yanzu ga gundarin maganar. Tsarin lissafin zaɓi da aka fi amfani da shi ana kiransa lojit, aikin Daniel McFadden ne, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000. Yana ɗaukar kowane wurin shaƙatawa a matsayin tarin siffofi: kuɗin zuwa, yiwuwar ganin manyan dabbobi, wurin iyo, ingancin ɗaki, cunkoso, kwanciyar hankali a hanya. Kowace siffa tana samun nauyi. In aka raba nauyin siffa da nauyin kuɗi sai a samu abin da mutum zai yarda ya biya saboda ita. A ce nauyin ganin giwa ya fito 0.8, nauyin kowace naira 1,000 kuma 0.2, to ganin giwa ya kai naira 4,000 a wurin mai ziyara. Aibin lojit na asali shi ne yana ba kowa nauyi iri ɗaya.

Ga yadda wannan ke ɓatar da mai yanke hukunci. A ce ana tunanin ware wa mata da yara wasu awanni na kansu a ruwan Wikki. A ce rabin masu ziyara, magidanta da matansu, za su ƙara naira 3,000 don a yi haka, domin matan da yawa suna zuwa su koma ba su taɓa ruwan ba saboda cakuɗuwa. A ce ɗaya rabin kuma, matasa da baƙin da suka zo rukuni, suna ganin an rage musu naira 3,000 na jin daɗi. Lojit na asali zai ba da sifili, rahoton ya ce jama'a ba su damu da batun ba, alhali babu abin da suka fi damuwa da shi. Cunkoson Sallah da Kirsimeti ma haka yake: wani don taron ya zo, wani kuma saboda shi ya fasa. Har birai da mugun dawa da ke yawo a sansanin Wikki, wasu su suka fi ɗauka hoto, wasu kuwa ba za su sake kawo ƙananan yara ba bayan biri ya fizge musu ledar abinci.

Aibi na biyu ya shafi inda mutane za su koma in kun ƙara kuɗi. Lojit na asali yana raba waɗanda suka fasa zuwa Yankari ga sauran wurare daidai gwargwadon kason da kowane wuri yake da shi tun farko. A zahiri mai son dabbobi zai duba Sumu a Ganjuwa, ko gidan namun daji na Jos, ko in yana da ƙarfin hali ya nufi Gashaka Gumti. Mai son ruwa zai nufi Tiga ko Gurara ko kwamin iyo na otal a garinsu. In tsarin bai san waɗanne wurare ne ke maye gurbin juna ba, hasashensa na kuɗin shiga bayan ƙari zai karkace.

Hanyoyi biyu ne aka fi gwadawa wajen gyara wannan, kuma muna ba da shawarar a nemi mai binciken ya kawo duka biyun.

Ta farko ita ce lojit mai gauraye, wadda Kenneth Train ya nuna amfaninta a 1998 kan masu kamun kifi a kogunan Montana. A nan kowace siffa tana da lambobi biyu, matsakaicin nauyi da faɗin saɓanin da ke tsakanin mutane. A misalin awannin mata, matsakaici zai fito kusa da sifili amma faɗin saɓani zai fito babba, kuma wannan ne zai gaya muku akwai magana. Sai dai dole mai binciken ya zaɓi siffar rarrabuwar da hannunsa, kuma a nan ake yawan zamewa. In ya zaɓi rarrabuwa mai siffar ƙararrawa, wadda ke bazuwa dama da hagu, tilas ta jefa wasu mutane a ɓangaren ƙi. Matsakaici 0.8 da faɗi 0.8 yana nufin kusan kashi 16 cikin 100 ba sa son ganin giwa, kuma sai a tambaya ko gaskiya ne ko lissafin ne ya ƙago su. Ga cunkoso wannan siffa ta dace, domin akwai masu so da masu ƙi. Ga tsaftar banɗaki ba ta dace ba. Ga kuɗi kuwa haɗari ce babba: in nauyin kuɗi na wasu ya matso sifili, rabawa da shi zai haifar da lambobin da ba su da kan gado, a ce wani zai biya miliyoyi don ya ga dorina. Maganin shi ne a tsayar da nauyin kuɗi ya bambanta bisa rukunin samu kawai, ko a gina tsarin kai tsaye a kan abin da mutum zai biya da naira. Kuma da yake kwamfuta ce ke kwaikwayon rarrabuwar ta hanyar jan lambobi, a fara da jan 1,000 na tsarin Halton ko Sobol (hanyoyin jan lambobi ne da ke sa su bazu daidai), a ninka zuwa 2,000, a duba ko sakamakon ya tsaya. In ya motsa sosai, tsarin bai zauna ba, kada a karɓi rahoton.

Ta biyu ita ce hanyar ɓoyayyun rukunoni. Ita tana ɗauka cewa masu ziyara sun kasu gida kaɗan, kowane gida da nauyinsa, kuma bayanan ne za su nuna gidajen da girman kowanne. Ana gwada rukuni biyu, uku, huɗu, biyar, a kwatanta su da ma'aunin BIC, mai nuna adadin rukunin da ya fi dacewa da bayanan, amma kada a bar ma'aunin shi kaɗai ya yanke. Rukunin da bai kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda aka tambaya ba, ko wanda nauyin kuɗinsa ya nuna wai yana son tsada, alama ce an yanka gidajen fiye da abin da bayanan za su ɗauka. A kuma tayar da lissafin daga mafarai daban daban, aƙalla 20, domin yakan maƙale a amsar da ba ita ce mafi kyau ba. A ganinmu wannan hanya ta fi amfani ga mai gudanar da gandu, saboda tana haɗa kowane rukuni da shekaru, da samu, da garin da aka fito, da ko an zo da yara. Ana iya kai wa majalisar zartarwa magana irin "rukunin iyalai ya kai kaza, ga abin da zai dawo da su". Faɗin saɓani kuwa sai an yi dogon bayani kafin a gane shi. Manhajar R, wadda kyauta ce, tana da Apollo da mlogit da gmnl da ke yin waɗannan ayyuka, don haka ba sai an sayi lasisi mai tsada ba.

Duk ƙwarewar lissafi ba ta gyara bayanan da aka tattara ba daidai ba. In aka tsaya a sansanin Wikki kawai ana tambayar wanda aka gani, an yi kuskure biyu. Ba a ji ta bakin wanda bai zo ba, kuma mai yawan zuwa ya fi saurin faɗawa hannun mai tambaya, don haka an cika takardu da masoyan wurin. Ga tsarin ƙidayar ziyara na Poisson, mai lissafa sau nawa mutum ke zuwa, akwai gyara mai sauƙi da aka sani, a cire ɗaya daga adadin ziyarar kowa kafin lissafi. Ga tsarin zaɓi sai an ba amsoshin nauyi bisa ainihin kason kowane wuri. Abin da ya fi duka shi ne a haɗa da binciken gida gida a Bauchi, Gombe, Jos, Kano da Abuja, a kuma sa "na zauna a gida" cikin zaɓuɓɓuka. A wurin waɗanda ba su zo ba ne za a gano ko tsada ce ta hana su, ko tsoron hanya, ko rashin wurin da mata za su sake. A kuma raba tattara bayanan tsakanin rani, lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin Gaji, da damina, lokacin da ciyawa ta rufe su, da makon Sallah, da ranakun aiki.

Sabon abin da ake tunanin kawowa Yankari, kamar awannin mata, ba za a same shi a tarihin tafiye tafiyen mutane ba. Shi sai da gwajin zaɓi. Ana ba mutum kati mai zaɓi uku, Yankari iri biyu da aka sauya wa siffofi da farashi, na uku kuma yadda yake yanzu ko zaman gida. Siffofi kada su wuce biyar ko shida, kati kada ya wuce shida zuwa takwas ga mutum ɗaya, farashi kuma a yi masa matakai biyar ko shida, na ƙarshen ya yi tsadar da yawancin mutane za su ƙi. In kowa ya karɓi mafi tsada, an sa matakan ƙasa da yawa, kuma nauyin kuɗi ba zai fito ba. Muna ganin mutum 500 zuwa 600 sun isa, bayan gwajin farko da mutum 40 ko 50. A lissafi kuma a gaya wa tsarin cewa katunan nan takwas na mutum ɗaya ne, in ba haka ba zai ɗauke su mutum takwas.

Akwai matsalolin da suka shafi mutanenmu musamman. Kara tana sa mutum ya amsa wa baƙon da ya zauna a zaurensa da abin da yake ganin zai faranta masa, ya ce zai biya kuɗin da ba zai biya ba. A tunatar da shi kafin kati na farko cewa kuɗin daga aljihun cefane zai fito, a kuma tabbatar masa cewa zaɓen zaman gida ba laifi ba ne. Maigida yakan amsa a madadin gida duka, sai son matan ya ɓace daga bayanan, don haka a ɗauki mata masu tambaya su shiga ciki su tambayi matan su kaɗai. Katunan su kasance da hotuna, a karanta su da Hausa ko Fulatanci ko Turanci yadda mai amsa ya fi so. Wannan ba don ladabi kawai ba ne. Wanda bai fahimci kati ba zai yi ta zaɓe barkatai, tsarin kuma zai fassara ruɗewarsa a matsayin bambancin ra'ayi, ko ma ya ƙirƙiro masa rukuni na kansa. A ƙarshen tambayoyi a tambayi kowa ko akwai siffar da bai duba ba sam. Waɗanda suka ce ba su kalli farashi ba sai a gwada lissafi da su da kuma ba su.

In sakamako ya zo, a karanta shi da sanin iyakarsa. Abin da mutum zai biya yana bin ƙarfin aljihunsa, don haka naira 20,000 ta ɗan Abuja ba ta nufin ya fi malamin firamare na Alkaleri son wurin. A buƙaci a fitar da lambobin bisa rukunin samu. Daga nan ne za a iya tsara farashi mai hawa, irin wanda Kenya da Tanzaniya ke yi tsakanin ɗan ƙasa da mazauni da baƙo, ko a bar kuɗin ƙofa da sauƙi a ɗora ƙarin a kan zagayen asuba da ɗakuna masu tsada, inda rukunin da ba ya jin farashi yake. Kuma darajar shaƙatawa ɓangare ce kawai. Ba ta ƙunshi darajar wanzuwar ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Najeriya ba, ba ta kuma ƙunshi asarar manomin da giwayen suka shiga gonarsa ko makiyayin da aka hana kiwo ba. Waɗannan suna buƙatar nasu binciken, kada a yi amfani da lamba ɗaya a rufe bakinsu.

Akwai abin da za a iya farawa tun kafin a ware ko kwabo. A rajistar ƙofar Mainamaji a riƙa rubuta garin da baƙo ya taso, adadin manya da yara, irin motar, kwana nawa, babban dalilin zuwa, da wanda ya biya kuɗin tafiyar. Ana iya yin haka a waya da KoboToolbox, wadda ke aiki ko babu intanet. Bayanan shekara ɗaya cikakkiya su ne za su ba da kason da za a daidaita binciken da shi. In za a ba da kwangilar aikin kuma, muna roƙon a rubuta a cikin sharuɗɗa cewa mai binciken zai miƙa takardar tambayoyi, da ɗanyen bayanan da aka cire wa sunaye, da umarnin kwamfutar da ya yi lissafi da shi, domin malaman jami'o'in da ke jihar su iya maimaita aikin su tabbatar da lambobin kafin a gina kasafi a kansu.

Wassalam.

Naku,
Wasu malamai da masu bincike a fannin tattalin arzikin muhalli